Gwajin Basira da Launin Fata: Abin da Maki Ya Faɗa da Abin da Aka Ɗora Masa

A shekarar 2007 wani dattijon masanin kimiyya ɗan Amurka, James Watson, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1962 saboda gano siffar sinadarin gado na DNA, ya shaida wa wata jaridar Ingila cewa shi kam bai ga alamar haske a makomar Afirka ba. Dalilinsa kuwa, wai duk tsare-tsaren tallafi an gina su ne bisa zaton cewa basirar baƙar fata daidai take da ta Bature, alhali gwaje-gwaje ba haka suka nuna ba. Maganar ta tayar da ƙura, cibiyar binciken da yake shugabanta ta dakatar da shi, kuma da ya maimaita ta a 2019 aka tuɓe masa sauran muƙaman girmamawa. Sai dai hukunta mai magana ba ya kashe magana. Har gobe akwai masu riƙe da ita, wasu da mugun nufi, wasu kuma don sun ga alƙaluma sun rasa yadda za su yi da su. Ra'ayin wannan sharhi shi ne: bambancin maki tsakanin al'ummomi gaskiya ne, an auna an gani, amma tsallen da ake yi daga wannan bambanci zuwa cewa abin a jini yake, babu hujjar da ta ɗauke shi. Duk inda aka bi sawun gibin da kyau, sai a tarar ya kai mutum ƙofar makaranta, ko tukunyar abinci, ko asibiti.

Shi wannan gwaji a birnin Faris aka haife shi. A 1905 Alfred Binet da abokin aikinsa Théodore Simon suka tsara jerin tambayoyi domin a gano yaran firamare da karatu ke ba wa wahala, a ba su taimako na musamman. Binet bai ɗauki sakamakon a matsayin hukuncin ƙaddara ba, har ma ya soki masu cewa basirar yaro abu ce tsayayya da ba ta ƙaruwa. Ya rasu a 1911, kuma bayan shekara guda wani Bajamushe, William Stern, ya kawo dabarar lissafin da ta zama abin da ake kira IQ. Ya kamata mai sauraro ya riƙe yadda wannan lamba take a yau, domin nan ne ruɗani ke farawa. Masu tsara gwajin sukan ba dubban mutane tambayoyin, su ɗauki matsakaicin abin da aka ci su sa masa 100. Kusan kashi biyu cikin uku na jama'a suna faɗawa tsakanin 85 da 115. Wato lambar tana gaya maka matsayinka ne a cikin sahun waɗanda aka gwada ka da su, a wannan ƙasa, a wannan zamani. Ba a leƙa ƙoƙon kan kowa an auno wani abu ba.

Da gwajin ya ƙetara teku sai ya sauya hali. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya sake masa fasali a 1916, sannan lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Robert Yerkes ya jagoranci gwada sojojin Amurka kimanin miliyan 1.75. Mu duba tambayoyin da kyau. A cikin wanda aka tanadar wa masu iya karatu, akwai tambaya kan sunan wani shahararren ɗan wasan ƙwallon sanda na Amurka, akwai wata kan sunan wani man girki da ake talla. Waɗanda ba su iya karatu ba kuma aka ba su hotuna su cike abin da ya ɓace: filin wasan tanis da babu raga, ƙwan lantarki da babu zaren cikinsa. Manomin da ya sauka daga wani ƙauyen Italiya ko Folan bai daɗe ba, wanda bai taɓa ganin tanis ba balle ragarsa, ya faɗi. Carl Brigham ya tattara sakamakon a wani littafi na 1923, ya yanke cewa mutanen kudanci da gabashin Turai, da Yahudawan cikinsu, ƙasa suke da mutanen arewacin Turai a halitta, baƙar fata kuma su ne a can ƙarshe. Abin mamaki, alƙaluman da ke hannunsa sun nuna cewa makin 'yan ƙaura yana hawa ne gwargwadon shekarun da suka yi a Amurka. Haka kuma daga baya aka lura cewa baƙaƙen sojoji daga wasu jihohin arewa kamar Ohayo sun zarce fararen sojoji daga wasu jihohin kudu kamar Misisifi, inda makarantu suka fi lalacewa. A 1930 Brigham da kansa ya fito ya janye, ya ce kammalawarsa ba ta da tushe. Amma aikin gama ya gama. A cikin wannan yanayi aka yi dokar taƙaita shigar baƙi ta 1924, kuma a 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta yi wa waɗanda aka kira masu raunin hankali aikin hana haihuwa ba da yardarsu ba, abin da ya shafi mutum sama da 60,000 kafin a daina.

To, adalci ya wajaba a nan. Mummunan tarihin wani fanni ba ya zama hujjar cewa duk abin da ya fito daga cikinsa ƙarya ne, kuma masu cewa gwajin basira shirme ne zalla suna sauƙaƙa wa kansu ne kawai. Gwaje-gwajen yau ba su tambayar sunan man girki. Idan aka gwada mutum bana aka sake gwada shi baɗi, makinsa ba ya yin nisa da na farko. Makin yana hasashen yadda yaro zai yi a makaranta, yana kuma da alaƙa da yadda babba ke koyon aiki mai sarƙaƙiya. Binciken tagwaye, har da waɗanda aka raba tun suna jarirai, ya nuna gado yana da hannu babba a bambancin da ke tsakanin mutum da mutum, rabi ko fiye da haka a tsakanin manya a ƙasashe masu wadata. Kuma tsawon ƙarni na 20 an yi ta samun tazarar kusan maki 15 tsakanin matsakaicin farare da na baƙaƙen Amurka. A kan waɗannan ne Arthur Jensen ya gina maƙalarsa ta 1969, haka ma Richard Herrnstein da Charles Murray a littafinsu The Bell Curve na 1994. Hujjarsu a taƙaice: tunda gado na da ƙarfi a tsakanin ɗaiɗaikun mutane, kuma gibin ya ƙi gushewa, to da alama gado na da rabo a gibin da ke tsakanin al'ummomi. Magana ce da ke da kamar hankali a kunne, shi ya sa ta daɗe.

Inda ta karye shi ne a gaɓar tsakiya, kuma masanin halittu Richard Lewontin ya nuna wurin tun 1970 da misalin iri. A ce manomi ya ɗebi gero daga buhu ɗaya, ya raba biyu. Rabi ya shuka a gonar da ta sha taki da ruwa, rabi kuma a jigawar da ta gaji. A cikin kowace gona za ka ga wani karan ya fi wani tsawo, kuma tunda ƙasarsu ɗaya, wannan bambanci na iri ne. Amma ratar da ke tsakanin gonar farko da ta biyu gaba ɗayanta ta ƙasa ce, domin buhun ɗaya ne. Ashe abu zai iya zama na gado ƙwarai a cikin kowane rukuni, amma tazarar rukunin biyu ta zama ba ruwanta da gado ko kaɗan. Ba ma sai an tsaya a gona ba. Tsawon jikin ɗan Adam ya fi basira bin gado, amma mutanen Koriya ta Kudu a yau sun fi 'yan'uwansu na Arewa tsawo da santimita da dama, alhali jinsi ɗaya ne da siyasa ta raba a 1945. Babu wanda ya ce jininsu ne ya bambanta. Kowa ya san yunwa ce.

Hujja mafi nauyi kuwa ta fito ne daga cikin gwaje-gwajen kansu. James Flynn, malami a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, ya lura a shekarun 1980 cewa masu tsara gwaji suna sabunta ma'auninsu lokaci-lokaci, suna mayar da matsakaici zuwa 100, kuma wannan sabuntawa ta ɓoye wani babban al'amari: kowane zamani yana cin tambayoyin fiye da wanda ya gabace shi, kusan maki 3 duk shekara goma. Misali mafi tsabta shi ne na Holan, inda aka riƙa gwada kusan duk samari 'yan shekara 18 don aikin soja da tambayoyi iri ɗaya. Daga 1952 zuwa 1982 makinsu ya tashi da kusan 20, a gwajin zane-zane na Raven wanda ba ya buƙatar harshe, wanda kuma ake tinƙaho da cewa al'ada ba ta shafarsa. Mu tsaya mu auna wannan. Tazarar da ke tsakanin saurayin Holan na 1982 da mahaifinsa ta fi tazarar da ke tsakanin fari da baƙi a Amurka. Shekara 30 kuwa ba ta isa ƙwayoyin gado na al'umma su sauya ba. Ko dai mu yarda cewa kakannin Turawan yau rabinsu masu naƙasar ƙwaƙwalwa ne, abin da ba mai hankalin da zai faɗa game da mutanen da suka gina jiragen ruwa suka tare teku da madatsai, ko kuma mu yarda cewa maki yana bin irin rayuwar da mutum ya taso a ciki. Flynn ya danganta abin da yawaitar makaranta, da ƙarancin 'ya'ya a gida, da ingancin abinci, da ayyukan zamani da ke tilasta wa mutum tunani a kan abin da ba ya gabansa. Yakan kawo labarin masanin Rasha Alexander Luria, wanda a farkon shekarun 1930 ya je ƙauyukan Uzbekistan yana yi wa manoma tambaya: a can arewa mai ƙanƙara duk beyar farare ne, wuri kaza yana can arewa, to wane launi ne beyar wurin? Dattawan da ba su shiga aji ba sukan ce ba su taɓa zuwa ba, a tambayi wanda ya je ya gani. A takardar gwaji wannan amsa sifiri ce. A zauren shari'a kuwa ita ce amsar mutumin kirki, wanda ba ya shaidar abin da idonsa bai gani ba. Matasan ƙauyukan da suka ɗan yi makaranta nan take suke amsawa, domin an koya musu wasan.

Masu ra'ayin gado suna da martani. Sukan ce hawan maki daga zamani zuwa zamani daban, gibin launin fata daban, domin kowa ya hau amma ratar tana nan. Sai dai ratar ba ta tsaya cik ba. A 2006 Flynn da William Dickens sun bi alƙaluman manyan gwaje-gwaje guda huɗu, suka ga baƙaƙen Amurka sun rage tazarar da maki 4 zuwa 7 tsakanin 1972 da 2002, wato bayan rushe dokokin wariya. Akwai kuma binciken Klaus Eyferth na 1961 a Jamus, kan 'ya'yan da sojojin mamaya suka haifa da matan Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu. 'Ya'yan baƙaƙen sojoji da na fararen sojoji, waɗanda duk iyaye mata Jamusawa suka rena, makinsu ya zo kusan ɗaya, wajen 97. Ana sukar wannan bincike da cewa yaran ba su da yawa, kuma an tace iyayen maza kafin a ɗauke su soja, kuma sukar tana da tushe. Haka nan binciken Minesota kan baƙaƙen yaran da iyalai farare suka riƙa, kowane ɓangare na jan sa wajensa, domin makin yaran ya yi sama suna ƙanana sannan ya sauko da suka balaga, kuma da yawansu ba a ɗauke su riƙo da wuri ba. Ba a gina gida a kan ɗaya daga cikinsu. Amma bayan hayaniyar The Bell Curve, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta kafa kwamiti ƙarƙashin Ulric Neisser, mai ɗauke da masana masu ra'ayi mabambanta, kuma rahotonsa na 1996 ya ce gibin na nan, ba a gama gano musabbabinsa ba, sannan 'yar hujjar kai tsaye da ake da ita ba ta goyi bayan fassarar gado ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, abubuwan da ke ɗaga maki ko su kassara shi an san su, an auna su. A shekarun 1960 ƙasar Nowe ta ƙara shekarun karatun dole daga 7 zuwa 9, gunduma bayan gunduma, kuma da aka duba makin samarin a gwajin soja sai aka ga kowace shekarar ƙari ta kawo kusan maki 3.7. Wani nazari na 2018 da ya haɗa bayanan mutum sama da 600,000 ya samu ƙarin maki 1 zuwa 5 a kowace shekarar makaranta. Rashin sinadarin aidin, wanda ke kawo maƙoƙo, yana rage wa yaran yankin da abin ya yi tsanani maki 12 ko fiye, maganinsa kuwa gishiri ne mai aidin. Gubar dalma tana cin ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce a jininsa, kuma a Amurka 'ya'yan baƙar fata ne suka fi shaƙar ta, saboda tsofaffin gidaje masu fentin dalma da unguwannin bakin manyan tituna da aka tura iyayensu. Wannan guba ba baƙuwarmu ba ce. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu sanadiyyar ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, dubbai kuma suka rayu da dalma a jiki. Idan wani ya je ya gwada waɗannan yara yau ya samu maki ƙasa, ya rubuta cewa haka jinsinsu yake, me za mu kira shi?

Wannan ya kawo mu ga lambar da ake yi wa Afirka gori da ita. A 2002 Richard Lynn, wani farfesa a Arewacin Ayalan, da Tatu Vanhanen na ƙasar Finlan suka fitar da littafin da ya ba kowace ƙasa makin basira, suka ce shi ne sirrin arziki da talaucin ƙasashe. Najeriya suka ba ta 67, Afirka kudu da Sahara baki ɗaya wajen 70. A likitance, 70 ita ce iyakar da ake fara zargin naƙasar ƙwaƙwalwa. Ma'ana, fiye da rabin mutanen da ke cin kasuwar Kurmi da ta Onica, masu lissafin bashi da riba a ka, masu jin harshe uku, wai ba za su iya kula da kansu ba. Duk ma'aunin da ya ba da irin wannan sakamako, shi ya kamata a fara tuhuma. Da masana suka buɗe littafin kuwa sai ga abin kunya. Cikin ƙasashe 185, guda 81 kaɗai ke da wani gwaji, sauran 104 ƙiyasi aka yi musu daga maƙwabta. Makin Habasha an ɗauko shi ne daga matasan da suka yi ƙaura zuwa Isra'ila ba da daɗewa ba. Makin Ikwatoriyal Gini, 59, wanda ya fi kowanne ƙasƙanci, daga baya aka gano na wasu yara ne a gidan kula da masu naƙasar ƙwaƙwalwa a ƙasar Sifen. A 2010 Jelte Wicherts da abokan aikinsa a Holan suka sake tattara binciken da aka yi a Afirka, suka nuna cewa Lynn ya riƙa watsar da samfuran da suka ci maki mai yawa ba tare da ƙa'ida ba, kuma idan aka bi tsari matsakaicin yana wajen 80 ne. Wani zai ce ai 80 ma ƙasa take da 100. Haka ne. Amma 80 ɗin nan ita ce abin da samarin Holan na 1952 za su ci idan aka auna su da ma'aunin 'ya'yansu. Kuma hawan ya riga ya fara: a yankin Embu na karkarar Kenya an gwada yara a 1984 aka sake gwada na bayansu a 1998, aka ga makin ya yi tsalle mai yawa, daidai lokacin da abinci da karatun iyaye mata suka inganta.

Akwai wani gwaji da ya cancanci a ba shi lokaci, domin ya nuna abin a fili. Robert Serpell, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Zambiya, ya ba yaran Zambiya da yaran Ingila aiki iri ɗaya: ga siffa, a kwaikwaye ta. Da aka ce a zana da fensir a takarda, yaran Ingila suka yi gaba. Da aka miƙa musu waya aka ce a lanƙwasa ta fito da siffar, yaran Zambiya, waɗanda suka saba ƙera motar waya a bakin hanya, suka bar su a baya. Da aka kawo yumɓu, wanda duka ɓangarorin suka saba wasa da shi, sai aka yi kunnen doki. Ƙwarewar da ake nema ɗaya ce, gane siffa da maimaita ta. Kayan aikin ne ya yanke wanda zai ci. Haka a Laberiya, Michael Cole da abokansa sun ba manoman Kpelle kayayyaki su kasa, sai suka haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, kowane abu da abin da ake aiki da shi, suka ce haka mai hankali zai yi. Da aka tambaye su yadda wawa zai kasa, sai suka ware kayan aiki gefe, abinci gefe, daidai yadda takardar gwajin ke so.

Saura batun ƙwayoyin gado, inda wasu ke cewa a jira, kimiyyar zamani za ta gaskata Watson. Zuwa yanzu ba ta yi ba. Abin da aka gano shi ne babu wata ƙwaya guda ta basira. Dubban wurare ne a cikin DNA, kowanne da tasiri ɗan mitsitsi. Babban nazarin 2022 da ya duba mutum miliyan 3 ya iya bayyana kashi 12 zuwa 16 cikin 100 ne na bambancin yawan karatu, kuma da aka kwatanta 'yan'uwa na ciki ɗaya sai kusan rabin tasirin ya zube, alamar cewa lissafin ya haɗiye har da tasirin gida da unguwa. Mafi yawan mutanen da ake irin wannan bincike a kansu asalin Turai ne, kuma ma'aunin da aka gina a kansu yana rasa yawancin ƙarfinsa idan aka kai shi kan 'yan asalin Afirka, saboda haka masu binciken da kansu suke gargaɗin kada a yi amfani da shi wajen kwatanta jinsuna. Ƙari a kan haka, kalmar baƙar fata ba rukuni ɗaya ba ce a ilimin halitta. Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado, domin daga nan ɗan Adam ya bazu, waɗanda suka fita kuma wani yanki kawai suka ɗiba. Lewontin ya lissafa tun 1972 cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin gadon ɗan Adam yana cikin kowace al'umma ne, abin da ke tsakanin manyan jinsuna ɗan kaɗan ne.

Za a ce, to shin an tabbatar cewa dukan al'ummomi daidai suke ƙwabo da ƙwabo? A'a, ba wanda ya auna haka, kuma ba za a iya aunawa ba sai ranar da yaran suka taso da abinci ɗaya, makaranta ɗaya, lafiya ɗaya. Amma nauyin kawo hujja yana kan mai da'awa ne, musamman da'awar da aka taɓa yi a kan Italiyawa da Yahudawa ta kuma rushe a idon duniya. Za a kuma ce ana toshe bakin masana. Jensen ya yi ta wallafa ra'ayinsa fiye da shekara 40 ba a kore shi daga Jami'ar Kalifoniya ba, Flynn kuma, wanda ya fi kowa rusa hujjarsa, ya kasance mai kare 'yancinsa na yin magana. A buɗe aka yi muhawarar. Sai dai mu ma akwai tarkon da ya kamata mu kauce wa. Mukan ji ana cewa ai 'yan Najeriya a Amurka sun fi matsakaicin Ba'amurke yawan digiri, 'ya'yan 'yan Afirka a Ingila kuma suna zarce 'ya'yan Turawan ƙasar a jarrabawar kammala sakandare. Gaskiya ne, kuma ya isa ya kunyata mai cewa baƙar fata ba ta iyawa. Amma waɗanda suka samu bizar tafiya zaɓaɓɓu ne, galibi masu ilimi da hali. Wanda ya ɗauki wannan ya ce jininmu ya fi nasu, kuskuren Brigham ya maimaita, ya juya shi ne kawai.

Muhawarar ta Amurka ce, amma tana da ƙanwa a gidanmu. Duk shekarar da aka fitar da makin shiga makarantun haɗaka na tarayya, aka ga abin da ake nema daga ɗan wata jihar kudu ya ninka na ɗan wata jihar arewa, sai gori ya tashi, wasu su fara maganar ƙabilar da ta fi wata ƙwaƙwalwa. Tarihi ya riga ya ba da amsa. An buɗe makarantar sakandare ta CMS a Legas a 1859, makarantar Ɗan Hausa a Kano kuwa sai 1909, Kwalejin Katsina sai 1922, sannan Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta tun 1955. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a arewa maso yamma sun tsumbure saboda tamowa, alhali matsakaicin ƙasa 37 ne. Yaron da ya haddace izu sittin, ko yarinyar da ke riƙe lissafin adashin unguwa a ka, ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Sai dai wannan bayani bai wanke mu ba, tuhumarmu ma yake yi, domin Bature ya tafi tun 1960, kuma abin da ya biyo baya a hannun shugabanninmu da mu iyaye yake. Jefar da jarrabawa ko rage makin shiga ba zai ciyar da yaro ba, ba zai kuma koya masa karatu ba. Gwajin ma, idan an tsara shi da harshen yaro aka daidaita shi da yaran ƙasarsa, zai yi aikin da Binet ya nufa da shi tun farko, wato gano wanda ke buƙatar taimako tun da sauran lokaci.

Saboda haka kiranmu ga gwamnonin jihohi da 'yan majalisa shi ne su sa kuɗi a ciyar da mai ciki da jariri har ya kai shekara biyu, su sa malami ƙwararre a ajin farko na firamare, su kuma hana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Ku kuma iyaye, ku duba gishirin da kuke saye ko mai aidin ne, ku kai yara rigakafi, ku bar 'ya mace ta gama makaranta.